Lafiya Uwar Jiki: A San Cuta Kafin A Sha Magani

 

A wannan wata za mu yi magana a kan wata cuta da ake kira limfoma, da kuma wata hanya da likitoci suke bi su gano ta idan ta ɓuya can cikin ƙirji ko cikin ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Hanyar ita ce a zura wani siririn tiyo ta baki, a bi da allura ta cikinsa, a ɗebo 'yar tsoka a duba. Watakila wani ya ce, "Ina ruwanmu da wannan, mu da ko asibitin gari da kyar muke kaiwa?" Da ruwanmu ƙwarai. Gama ko mutum bai taɓa ganin wannan na'ura ba, darasin da ke cikinta na kowa ne, watau kada a fara shan magani mai ƙarfi sai an san sunan cutar. Gidaje da yawa sun yi hasarar kuɗi da lokaci, wasu har da rai, domin an yi wata da watanni ana maganin abin da ba shi ne yake damun mutum ba.

Mece ce kaluluwa?

Kowa ya san kaluluwa. Yaro ya yi tuntuɓe ya ji ciwo a yatsan ƙafa, bayan kwana biyu sai ga ƙullutu ya fito masa a matsematsi. Ko kuwa haƙori ya yi ciwo, sai ƙasan muƙamuƙi ya kumbura. Waɗannan ƙullutai ba ranar suka samu ba, tun haihuwa suna nan. Allah ya halicce mu da ɗaruruwansu, ƙanana kamar ƙwayar wake, a wuya, da hammata, da matsematsi, da kuma can cikin ƙirji da ciki. Aikinsu kamar na rariya ne. Wani ruwa marar launi yana bi ta cikinsu, su kuwa cike suke da fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, waɗanda suke tare ƙwayoyin cuta su kashe su. Idan yaƙi ya yi zafi sai kaluluwa ta kumbura ta yi ciwo. Da an ci nasara sai ta koma yadda take cikin mako biyu ko uku.

Irin wannan kaluluwa ba abin damuwa ba ce. Wadda za a lura da ita ita ce wadda ba ta ciwo, tana da tauri kamar roba, tana ta ƙara girma, har ta wuce wata guda ba ta sauka ba. Balle idan ta zo tare da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare wanda yake jiƙa riga da zanen gado sharkaf, da rama ba dalili. Likitoci sukan kula ƙwarai idan mutum ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa cikin wata shida, misali mai kilo 60 ya koma ƙasa da 54.

Cutar limfoma

Limfoma wani irin ciwon daji ne, watau sankara, wanda yake kama waɗannan fararen ƙwayoyin jini masu tsaro. Sai su bar aikinsu su yi ta haihuwa ba iyaka, su cika kaluluwa, wani lokaci har su kai saifa, da hanta, da ɓargo.

Wani likita Bature mai suna Thomas Hodgkin shi ne ya fara bayyana ta a birnin Landan a shekarar 1832, bayan ya duba mutum bakwai waɗanda kaluluwarsu ko saifarsu ta kumbura. Har yau ana kiran wani iri da sunansa. Sauran kuwa, waɗanda suka fi yawa, ana ce musu limfomar da ba ta Hodgkin ba, kuma irinsu ya haura 60. Wasu suna tafiya a hankali shekara da shekaru, wasu kuwa suna gudu kamar wutar daji.

Ɗaya daga cikin masu gudun nan a Afirka aka gano shi. Likita Denis Burkitt, mutumin Ailan, mai bin Yesu da gaske, yana aiki a asibitin Mulago a Kamfala ta ƙasar Yuganda, sai ya lura da yara masu kumburin muƙamuƙi. Ya rubuta labarinsu a 1958. Ya aika da takardun tambaya zuwa asibitocin gwamnati da na mishan ko'ina a Afirka, da haka aka gane cutar ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ƙasarmu tana cikinsu. A asibitin koyarwa na Ibadan ma an yi aiki sosai a kan maganinta, har wani likita ɗan Kamaru da ya yi aiki a can, Victor Anomah Ngu, ya sami babbar lambar yabo a Amurka a 1972 tare da Burkitt da waɗansu. Wannan iri yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma kuma yana jin magani da sauri idan an kama shi da wuri. Mu kuma sani, masu ɗauke da cutar ƙanjamau sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da limfoma.

Don me sai an ɗebi tsoka?

Ga inda wahalar take. Alamun da muka lissafta, watau kaluluwa, da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, su ne kuma alamun tarin fuka. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana kama kaluluwar wuya da ta ƙirji da ta ciki. Tun da yake ya fi limfoma yawa nesa a ƙasashenmu, ba abin mamaki ba ne a fara zarginsa. Sau da yawa akan ɗora mutum a kan maganin tarin fuka na wata shida, sai daga baya a gane ba shi ba ne. Kafin nan limfoma ta yi nisa. Akwai kuma waɗansu cututtuka da suke kumbura kaluluwa, har da sankarar huhu ko ta tumbi idan ta yaɗu.

Hoto ba ya raba gardama. Hoton ƙirji, ko na sikanin, ko na babbar na'urar nan ta siti sikan, duk iyakarsu su nuna cewa akwai ƙullutu, ga inda yake, ga girmansa. Gwajin jini ma ba ya faɗin sunan cutar. Kamar mutum ne ya hangi buhu a kasuwa. Ya san buhu ne, amma bai san ko gero ne a ciki ko dawa ba. Me mai saye yake yi? Yakan soka ɗan ƙarfe a jikin buhun, hatsi ya zubo a tafinsa, ya gani da idonsa. Haka likita yake bukata ya ɗebi ɗan abin da ke cikin kaluluwa ya sa a ƙarƙashin madubin da yake ƙara girman abu. Gani ya kori ji.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A Littafin Firistoci sura 13, idan wani abu ya fito wa mutum a fata, ba a barin firist ya yanke magana da ka. Sai ya duba da kyau, idan bai tabbata ba ya jira kwana bakwai ya sake dubawa, idan ta kama ya ƙara waɗansu bakwai. Sai bayan bincike ake faɗin hukunci.

Idan kaluluwar tana wuya ko hammata ko matsematsi, abin da sauƙi. Likita zai kashe wurin da allura, ya ɗan tsaga, ya cire ta ɗungum. Wannan ita ce hanya mafi kyau har yau, gama mai dubawa zai ga kaluluwar duka da yadda aka shirya ta. Asibitocin koyarwa irin na Jos, da Zariya, da Kano suna da sashen duba tsoka.

Idan tana can ciki fa?

Amma wani lokaci ba a jin kome a waje. Kaluluwar da ta kumbura tana tsakanin huhu biyu, ko bayan tumbi, ko kusa da babbar jijiyar jini da ta bi ta gaban ƙashin baya. A dā, in ana so a kai gare ta sai an yi tiyata, a sa mutum barci mai nauyi, a buɗe ciki ko a huda ƙirji. Marar lafiyar da ya riga ya rame yakan sha wuya, ya yi kwanaki a gado, a kuma jira miki ya warke kafin a fara magani. Akwai kuma hanyar soka doguwar allura ta fata ana duba hoto, amma ba kowane lungu take kaiwa ba, domin hanji ko huhu ko jijiyar jini sukan tare hanya.

Sai masana suka lura da wani abu. Hanyar abinci, daga maƙoshi zuwa tumbi zuwa farkon ƙaramin hanji, ta bi ta tsakiyar waɗannan wurare ne. Bango ɗaya ne siriri ya raba ta da kaluluwar. Ashe maimakon a fasa katangar gida daga waje, ana iya shiga ta zaure a miƙa hannu.

Yadda na'urar take

Abu biyu aka haɗa wuri ɗaya. Na farko shi ne tiyon leƙen ciki, wanda likitoci suke kira endoskof. Tiyo ne mai laushi, kaurinsa kamar yatsan babban mutum, da fitila da 'yar kyamara a bakinsa. Na biyu shi ne na'urar sikanin, irin wadda ake ɗora wa mai juna biyu a ciki a ga jariri, amma an ƙanƙanta ta an manna a kan tiyon.

Sikanin da amo yake aiki. Idan ka yi kira kusa da dutse, muryarka takan dawo maka. Haka na'urar take aika wani siririn amo wanda kunne ba ya ji, ya bugi sassan jiki ya dawo, ita kuwa ta mai da amsa-kuwwar nan hoto. Amma amon ba ya ratsa ƙashi ko iska sosai. Shi ya sa daga waje haƙarƙari da huhu da iskar hanji suke kare gani. Daga ciki kuwa babu abin da ya tare, ana ganin kaluluwa ko da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Na'urar tana kuma nuna jijiyoyin jini da launi dabam, domin likita ya kauce musu.

A wajen 1980 ne likitoci a Amurka da Jamus da Japan suka fara gwada wannan haɗi, amma a lokacin gani kawai ake yi. A 1992 wani likita a birnin Kofanhagen ta ƙasar Denmak, mai suna Peter Vilmann, tare da abokan aikinsa, suka ba da labarin yadda suka bi da allura ta cikin tiyon suka ɗebo tsoka daga wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas. Daga nan aikin ya bazu.

Allurar takan fito ta bakin tiyon, likita yana kallonta a hoto tana ratsa bangon maƙoshi ko na tumbi, tana shiga cikin kaluluwar. Akwai girma uku da aka fi amfani da su, lamba 25, da 22, da 19. Mai lamba 25 ita ce mafi siriri, wajen rabin milimita, mai lamba 19 kuwa ta ɗan haura milimita ɗaya. Alluran farko tsotso kawai suke yi, su kawo ƙwayoyi a warwatse. Na baya-bayan nan an yi musu baki mai haƙora, suna yanko tsoka siririya kamar zare, wadda ba ta wargaje ba. Ga limfoma wannan bambanci babba ne, kamar yadda za mu gani.

Ranar gwaji

Idan likita ya tura ɗayanmu wannan gwaji, ga abin da zai tarar. Za a ce kada ya ci kome na wajen awa shida zuwa takwas, domin tumbi ya zama babu kome. Dole ya faɗa wa likita tun da wuri idan yana shan maganin tsinka jini, irin su warfarin, ko yana da ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko idan mace ce mai juna biyu. Kada ya daina wani magani da kansa, sai abin da likita ya ce. Mai haƙoran roba zai cire su.

Za a kwantar da shi a gefen hagu, a sa masa wani abu tsakanin haƙora, a yi masa allurar barci ta jijiya. Tiyon ba ta hanyar iska yake bi ba, saboda haka ba ya hana numfashi. Likita yakan soka allurar sau biyu, ko uku, ko fiye, domin ya sami abin da zai isa. Aikin duka yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya. Yawancin mutane suna komawa gida a ranar, ba miki, ba ɗinki. Amma lalle a je da ɗan rakiya, kada kuma mutum ya tuƙa mota ko babur sai washegari, gama maganin barcin bai gama sakinsa ba.

Maƙogwaro yakan ɗan yi kaushi kwana ɗaya ko biyu. Matsala mai tsanani ba ta cika faruwa ba, wajen mutum ɗaya ne cikin ɗari, amma tana yiwuwa: zubar jini, ko ƙwayoyin cuta su shiga wurin, ko fankiriyas ta kumbura, ko bangon hanji ya huje. Saboda haka idan bayan an koma gida aka ga ciwon ciki ko na ƙirji mai tsanani, ko zazzaɓi, ko aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, a koma asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Abin da ake yi da tsokar

Ɗan abin da aka ɗebo akan raba shi. Kashi ɗaya a shafa a gilashi a rina a duba. Kashi ɗaya a sa a ruwan magani mai suna fomalin, a daskarar da shi cikin wani kaki na asibiti, a yanka shi siriri ƙwarai. Sai a zuba masa waɗansu rini na musamman, kowanne yana kama irin ƙwayar da aka yi shi dominta. Da haka ake gane ko ƙwayoyin na dangin B ne ko na dangin T, waɗanda su ne manyan dangi biyu na ƙwayoyin tsaron nan. Inda akwai kayan aiki, akan sa wani kashi ɗanye cikin na'urar da take jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya tana ƙidaya su da haske. Wani kashi kuma a aika gwajin tarin fuka. Wannan ya kamata mu riƙe: a ƙasarmu yana da kyau a nemi cututtukan biyu a tsoka ɗaya, kuma wanda za a kai gwajin tarin fuka ba a sa shi a fomalin.

Don me duk wannan wahala? Domin kowane iri da maganinsa. Limfomar Hodgkin tana da haɗin magunguna nata, kuma inda ake samun cikakken magani fiye da mutum takwas cikin goma suna warkewa. Irin da ya fi yawa cikin manya, mai manyan ƙwayoyin B, ana yi masa wani haɗi dabam tare da wani magani mai suna rituksimab, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1997, kuma wajen shida cikin goma suna warkewa. Amma rituksimab ba ya aiki sai a kan ƙwayar da take da wata alama da ake kira CD20. Magani ne mai tsada, ba daidai ba ne iyali su sayar da gona su saye shi ba a tabbatar da alamar ba. Akwai kuma iri masu tafiyar hawainiya, waɗanda wani lokaci likita zai ce a zuba ido kawai tukuna. Ashe cewa "daji ne" bai isa ba, sai an san wane iri.

Iyakar allura

Kada mu ɗauka allura ta gama kome. Tana da iyakarta. Limfoma ta fi sauran sankara wuyar ganewa da allura, domin mai dubawa yana bukatar ya ga yadda ƙwayoyin suka zauna da juna. Wanda aka ba tubali ɗaya zai iya cewa na ƙasa ne ko na siminti, amma ba zai iya faɗin fasalin ɗakin ba. A limfomar Hodgkin kuwa, miyagun ƙwayoyin kaɗan ne ƙwarai, suna warwatse cikin ɗimbin lafiyayyu, allura tana iya wuce su.

Duk da haka an ci gaba sosai. Likitoci a garin Gifu na ƙasar Japan sun ba da rahoto a 2012 a kan mutum 152 masu limfoma waɗanda aka yi musu wannan gwaji, yawanci da allura mai kauri. An gane cutar a kusan dukansu, an kuma iya faɗin irinta a wajen tara cikin goma. Wannan yana nuna mana abu biyu. Hanyar tana da kyau, amma akwai wanda za a ce masa ya dawo. Idan takarda ta fito ta ce ba a ga kome ba, ko tsokar ba ta isa ba, alhali kuwa jiki yana ta lalacewa, wannan ba shaidar lafiya ba ce. Likita yana iya cewa a sake, ko a yi tiyata. Kada mu yi fushi mu ce kuɗi ake nema. Gara a sake gwaji da a ba mutum maganin da ba nasa ba.

Na'urar kuma tana da tsada, tana bukatar gwani. A ƙasashenmu ba a samunta sai a waɗansu manyan asibitoci ƙalilan. Wanda bai same ta ba kada ya karaya. Likita zai nemi wata hanyar da za a ɗebo tsokar. Muhimmin abu shi ne a ɗebo a duba.

"Daji ba ya son ƙarfe"

Dukanmu mun sha jin wannan magana, cewa idan allura ko wuƙa ta taɓa daji sai ya haukace. Saboda ita mutane da yawa sun gudu daga asibiti. Daga ina ta samo asali? Yawanci sai cuta ta ci ƙarfin mutum ake kai shi asibiti. A ɗebi tsoka, bayan 'yan makonni ya rasu, sai a ce allura ce. Ba allura ba ce, jinkiri ne. Limfoma cuta ce ta ƙwayoyin da dama can suna yawo cikin jini, ba ta jiran allura ta buɗe mata hanya. Abin da yake ɓata kaluluwa shi ne sakiya, da tsagar wanzami, da shafe-shafen da suke ƙona fata su kawo ruɓa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowane gida ya sani. Ƙwayoyin nan da ake saya a kemis, firednisolon da deksametason, waɗanda wasu suke sha domin ciwon gaɓoɓi ko domin su yi ƙiba, suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci. Kaluluwa ta sauka, mutum ya ce ya warke. Bayan 'yan makonni ta dawo. Mafi muni, idan aka ɗebi tsoka a lokacin, mai dubawa yana iya kasa gane kome. Kada a sha su kafin gwaji. Wanda ya riga ya sha, ya faɗa wa likita gaskiya.

Aikin iyali da na ekklesiya

To, me za mu yi? Na ɗaya, kaluluwar da ta wuce wata guda, musamman tare da gumin dare da rama, a kai ta asibiti. Yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa yake kumbura da sauri, kada a kwana biyu ana shawara. Na biyu, wanda yake shan maganin tarin fuka kada ya daina, amma idan ya yi wata biyu bai ga sauƙi ba, ya koma ya ce wa likita, "Ranka ya daɗe, ko za a ɗebi tsokar a duba?" Tambaya cikin ladabi ba raini ba ce. Na uku, idan an ba ku kwalbar tsoka ku kai ɗakin gwaji da kanku, ku kai a ranar, kada ku bar ta a rana. Ku tambayi ranar da sakamako zai fito, yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu, ku kuma koma ku karɓa. Na huɗu, ku adana kowace takarda da hoto a jaka ɗaya.

Mu kuma tuna, limfoma ba a ɗaukarta. Ana ci da mai ita a kwano ɗaya, ana kwana ɗaki ɗaya. Ba sammu ba ce, ba kuwa alamar cewa mutum ya fi wasu zunubi ba. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, suka nemi wanda za su ɗora wa laifi, Ubangiji bai bi su a kan wannan ba. Ya warkar da shi ne.

Wasu 'yan'uwa suna ganin zuwa gwaji rashin bangaskiya ne. Ba haka ba ne. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne, Bulus kuwa yana ƙaunarsa. Sa'ad da Allah ya ji addu'ar sarki Hezekiya ya ƙara masa shekara 15, annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani tare suka tafi. Mu kira dattawan ekklesiya su yi addu'a, mu kuma kama hanyar asibiti.

Kwanakin jiran sakamako suna da nauyi, kuɗin mota da na gwaji ma haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata tana iya ɗaukar abincin gidan. Matasa su taimaka da gona, su kuma ba da jini idan an bukata. Wanda ya iya Turanci ya raka marar lafiya ya fassara masa maganar likita ba tare da ɓoye kome ba, gama jikinsa ne, yana da hakkin ya sani. Fasto da dattawa kuma su riƙa ziyara, su hana 'yan'uwa faɗawa hannun masu sayar da maganin ƙarya.

Rashin sani ya fi dare duhu. Mu gode wa Allah wanda ya ba 'yan adam hikimar leƙa wuraren da dā ba a kaiwa sai da wuƙa. Mu yi addu'a domin likitoci da ma'aikatan jinya da masu duba tsoka, da dukan waɗanda suke kwance a wannan wata. Ubangiji ya ba su sauƙi, ya kiyaye ku da iyalanku. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.